Jarkokin Sodangi

Duk wanda ya san Gatawa ya san Sodangi mai feshi, dogo, ga surutu ga hannun kyauta. Shekara shida yana goye da tankin maganin ciyawa, tun da 'yan bindiga suka hana mutane wuni a gona da fartanya. A yi feshin awa biyu a gudo gida, shi ne noman yanzu. Tankin na yoyo a gadon bayansa, in bututun ya toshe ya busa da baki, in ya gama ya kwankwaɗi nono ya ce ya wanke ciki.

Jarkokin maganin kuwa, da sun ƙare mata ke rububinsu, don marfinsu ba ya zuba. Sai a ɗauraye da toka a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Bai taɓa hana kowa ba. Allah sarki, shi a ganinsa lada yake tarawa.

Bara hannunsa ya soma karkarwa, idonsa na gani dishi-dishi. A asibitin garin Isa, wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Khadijat ta saurari tarihinsa.

"Baba, nono ba ya kashe guba," in ji ta. "Jarkokin hwa, ina ku ka kai su?"

Ya faɗa mata yana murmushi. Ita ba ta yi ba.

"Roba na riƙe maganin ko an wanke sau goma. Yara da masu ciki ya fi yi wa illa."

Rawar hannun ba ta dame shi kamar wannan maganar ba. Ya dawo ya shiga bi gida-gida yana sallama, dattijo da furfurarsa yana roƙon a maido masa kyautarsa. Wata tsohuwa ta ce, "Sodangi, tsiyar har ta kai ga roba?" Ya haɗiye, ya karɓa. Duk wadda ya samu sai ya huda ta da wuƙa ya binne a bayan gari.

Saura guda, babbar cikinsu. Ita ya ware wa 'yarsa Radiyya ranar da suka yi gudun hijira zuwa Nijar da mijinta, tana da cikin wata biyar. Da hannunsa ya cika mata ita da ruwan hanya. Wayarsu ta daɗe ba ta shiga.

Ya sami Abbas, ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi.

"Ka ce ta huda ta, ta yas. Ka ce ni nac ce."

"Za ni cigiya, Baba, amma sun tashi daga inda na san su."

Wata huɗu ke nan da aiken, ba labari. Duk ranar da motocin Nijar ke dawowa, Sodangi na tasha, hannayensa matse a cinya. Mutane na ba shi baki, wai wataƙila jarkar ta fashe tuntuni, ko an bar ta a hanya. Sai ya girgiza kai, don ya san halin ɗiyarsa. Radiyya ba ta yar da abin da ubanta ya ba ta.