Furfurar Barba Vicko

A bayan majami'a a garinmu Komiža, idan ka wuce inda ake shanya taru, akwai wata ƙofa shuɗiya marar allo. Nan Barba Vicko (Barba muke ce wa dattijo a nan) ya shekara talatin da ɗoriya yana farfaɗo da matattun batura. Da can rediyon jiragen kamun kifi yake gyarawa. Da kifi ya yi ƙaranci, masu nutso da kyamara suka cika tsibirinmu, sai ya koma kan fitilunsu, waɗannan da ke walƙawa a ƙarƙashin teku idan an ɗauki hoto. Batirin irin wannan fitila yakan gaji bayan 'yan shekaru ya daina riƙe caji. Barba sai ya buɗe kwanson, ya fitar da tsofaffin ƙwayoyin, ya auna sababbi ɗaya bayan ɗaya har ya sami waɗanda ƙarfinsu ya zo daidai, ya haɗa su da walda, ya rufe.

Rufewar ita ce aikin. Wani siririn zoben roba ne ke hana ruwa shiga, kuma silin gashi guda idan ya kwanta a kansa ya isa ya buɗe wa teku hanya. Da wannan zoben Barba ya yi suna. Yakan ce tunda yake, batirin da ya rufe da hannunsa bai taɓa shan ruwa ba, sai dai idan mai shi ya yi karambanin buɗewa. Haushin da nake ji kenan da shi: gaskiya yake faɗa, amma sai ya faɗa maka sau uku kafin ka shanye kofi.

Ni jirgin ruwa nake tuƙawa, ina kai masu nutso. Bazarar da ta wuce na yi sati shida ina kai wata mai ɗaukar hoto, Dunja, wani kogo da ke ƙarƙashin dutse. Ta gano wata hobotnica a ciki, dabbar nan mai hannu takwas da muke gasawa da dankali, tana gadin ƙwanta. Uwar ba ta cin komai sai ranar da suka ƙyanƙyashe, daga nan ta mutu. Wannan ranar Dunja take jira, kuma saboda ita ta kai wa Barba batirinta ya sabunta.

Ranar ta zo. Dunja ta yi minti arba'in a ƙasa, ta fito ta zauna a bakin jirgi ba ta ko cire tabaran nutso ba.

"Sun fito, Jakov," in ji ta. "Dubbai, a gaban idona. Fitilar ta yi walƙiya ɗaya ta mutu."

Muka wuce shagon kai tsaye. Barba ya buɗe kwanson, wani baƙin ruwa mai wari ya zubo a kan tebur. Ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girma, ya juya zoben a ƙarƙashin fitila, ya ajiye.

"Zoben fes yake. Kin buɗe shi, yarinya."

"Ban taɓa shi ba, Barba."

"Haka kowa yake cewa. Da wannan gashin naki har gadon baya, ai ko rijiya kika leƙa sai kin bar mata tsaraba."

Ni ina tsaye a gefe ina ganin abin ƙiri-ƙiri. Gashi ne kwance a kan zoben, gajere, mai kauri, fari fat. Gashin Dunja baƙi ne, ni kuwa kaina ya daɗe da zama fili. Dunja ma ta gani. Ta dube ni ta girgiza kai a hankali, wai in yi shiru. Amma raina ya riga ya ɓaci, ina tuna sati shidan da ta yi tana fitowa leɓenta na rawa don sanyi.

"Barba," na ce, "gashin bakinka ne. Ga shi nan, kai ne ba ka gani."

Har yau ban san ko na kyauta ba. Ya sake ɗaga gilashin, ya duba, ya duba. Sannan ya ajiye shi, ya kai zoben bakinsa ya ja shi a hankali tsakanin leɓensa. Na ga lokacin da ya ji shi. Ya zare gashin da yatsa biyu, ya riƙe abin da idonsa ba ya iya gani. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

"Ku je," in ji shi.

Kwana biyu ƙofar tana rufe. A na uku ya aiko a kira mu. Da na shiga sai da na ja baya: ya aske gashin bakin da ya ajiye tun yana soja, ya aske kansa, har girarsa bai bari ba. Fuskar ta koma kamar dafaffen ƙwai.

"Yi dariyarka ka huta, Jakov," ya ce. "Matata ta riga ka."

Ban iya ba. A kan tebur akwai sabon batirin Dunja, an gama komai, saura rufewa. Ya ɗauki zoben ya shafa masa mai, ya shiga jujjuya shi.

"Na yi askin ne saboda haushi," ya ce. "Na san ba a gashin matsalar take ba. Waɗancan 'ya'yan hobotnica kuma ba zan iya mayar miki da su cikin ƙwai ba."

Ya miƙa wa Dunja zoben.

"Duba mini, 'yata. Akwai wani abu a kai?"