Randar da Na Shafa wa Jan Fenti

Mun tashi da asuba, ana idar da salla muka ɗora kaya, Kano ba ta gama farkawa ba. Mu shida ne a cikin wata tsohuwar bas, dukkanmu 'yan sa-kai, za mu ƙauyukan Karaye da Rogo inda cutar amai da gudawa ta ɓulla a tsakiyar daminar bana. Shugabarmu ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ba ta da yawan magana, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka gyara zama. Ni kuwa malamin makaranta ne, hutu ya same ni ba abin yi, kuma ban san komai a harkar lafiya ba. Da aka zo rabon aiki aka ce ai malami ya saba da rubutu a allo, sai aka danƙa mini gwangwanin jan fenti da buroshi. Aikina shi ne duk rijiya ko wurin ruwan da bai kamata a sha ba, in zana masa jan layi biyu a gicciye har sai an gyara shi. Na karɓa ina hura hanci, kai ka ce alƙalanci aka ba ni.

An kwana ana ruwa, kwalta sai sheƙi take yi. Muka wuce Kabuga da Janguza, kafin mu kai Rimin Gado gari ya fara haske, raɓa ta kwanta fara fat a kan gonaki, ba ka ganin komai sai kawunan dawa da masara suna yawo a samanta. Balbelu suka tashi a jere daga wata fadama suka ɓace a cikin farin. A bayan mota bokitanmu masu famfo suna ta ƙwanƙwasar juna, ga ƙamshin kwalayen sabulu ya cika ko'ina. Na jingina kai da taga, ban san inda barci ya fara ba, ban san inda ya ƙare ba, na dai farka na ji direba yana cewa mun karkata kudu, Karaye na gaba.

A Karaye muka karya. Shugaba ta kafa doka tun a mota: abin da ba a sauke daga wuta a gaban idonka ba, kada ya shiga bakinka. Don haka muka tsaya a kan mai ƙosai tana tsamewa muna karɓa, muka haɗa da shayi mai ƙona harshe da gasasshiyar masara wadda kuɗinta bai kai rabin na Kano ba. Wata Bafillatana ta zo ta sauke ƙwaryar nono a gefenmu, fari tas, ga dunƙulen fura mai yaji. Duk wanda ya san ni ya san ni da fura. Na kawar da kai na shiga karanta rubutun jikin wata mota, raina yana can cikin ƙwaryar.

Kwana biyun farko mun yi su a Tudun Kaya da ƙauyukan kewaye. Da hantsi mata sukan taru a tsakar gidan mai unguwa, maza a ƙofar masallaci. A nuna yadda ake dama ruwan gishiri da sukari, a nuna ƙwayar tace ruwa da yadda ake jira rabin awa kafin a sha, a nuna wanke hannu da sabulu ko toka. Abin da ya fi wuya a karɓa shi ne a daina tsoma hannu a kwano ɗaya kafin cin tuwo, a riƙa zubo wa kowa da buta. Wani dattijo ya ce shi tun yana yaro a bayan hannun mahaifinsa yake wankewa, yau kuma an ce a raba. Mun leƙa wata rumfa da aka kafa don marasa lafiya, na ga idanu sun faɗa, na ga wata uwa tana ɗiga wa 'yarta ruwa da cokali tana kiran sunanta a hankali. Daga ranar hannuna ya ƙara sauri da buroshi, duk abin da na gani da ruwa a ciki sai in ji fentin yana mini ƙaiƙayi.

A rana ta uku muka ɗauki hanyar Rogo. Nan ƙasar ta ƙara yin kore, ga rake a fadamu ya fi mutum tsayi, ga gyaɗa ta rufe kunyoyi. Muka sauka daga babbar hanya muka bi wani burji mai jar laka, motar tana rausaya, har muka isa wani ɗan ƙauye da hanyar kasuwa ta ratsa ta gefensa. 'Yan'uwana suka shiga gaida mai unguwa, ni na tsaya miƙe ƙafa.

A nan na ga randar. Tana gindin wata tsamiya a mararraba, babba, an binne gindinta a yashi, jikinta ya yi gansakuka saboda daɗewa cikin danshi. An rufe ta da faifai. Wurin shiru, ba ka jin komai sai ɗigar ragowar ruwan sama daga ganye da kukan kurciya. Ina tsaye wani mai keke ya zo, ya ɗaga faifan, ya zura hannu har wuyan hannu ya lalubo moɗar da ke yawo a ciki, ya sha ya mayar. Bayansa wani makiyayi ya yi haka. Ban tambayi kowa ba, ban jira shugaba ba. Na buɗe gwangwani na zana mata jan layi biyu manya, na ja da baya ina duba kyawun aikina.

Ina cikin haka wata tsohuwa ta ɓullo ta tsakanin dawa da tulu a ka. Siririya ce, tana takawa a hankali. Ta sauke tulun, ta gaishe ni da gajiya da damina da mutanen gida, gaisuwa mai tsawo wadda na amsa rabinta. Ba ta lura da zanen ba tukuna. Ta ɗauraye moɗa ta cika ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ga ruwa, ɗan nan. Baƙo ne kai."

Na ɗaga robar ruwan da ke hannuna na ce, "Na gode, Inna, ina da nawa."

Ta daɗe riƙe da moɗar. Sai idonta ya faɗa kan jan fentin da ke gangarowa. Labarin alamar ya riga mu zuwa garin, ta san ma'anarta. Ta ce, "Me randar ta yi?"

Na fara zuba mata karatun da na haddace, ƙwayoyin cuta da hannu da moɗa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta juye ruwan tulun a cikin randar kamar yadda ta zo yi, ta rufe da faifan, ta koma ta hanyar da ta fito.

Mai unguwa ne ya ba mu labarinta. Mijinta ne ya kafa randar don masu zuwa kasuwa da makiyaya, sadaka. Da ciwon ajali ya kama shi, wasiyyarsa ɗaya gare ta ita ce kada ta bari randar nan ta kwana ba ruwa. Tun daga ranar kullum da safe takan je har famfon tuƙa-tuƙa da ke ƙarshen gari ta ɗebo, rani da damina, ba ta taɓa fashi ba. Ana kiranta Inna Mai Randa. Makon da ya wuce wani magidanci daga ƙauyen gaba ya rasu da cutar, kuma an gan shi ya sha a nan ran kasuwa. Mutane suna ta ƙus-ƙus, ba wanda ya iya faɗa a fili, sai ga ni na zo na rubuta musu shi da ja. Kafin azahar wasu sun fara cewa a fasa randar kowa ya huta. Shugaba ta kalle ni ta saman tabarau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar muka yi sallama a gidan Inna, ni da shugaba. Tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Kai mai ilimi ne, ka gaya mini don Allah. Ruwana ne ya kashe bawan Allahn nan?"

Na so in ce a'a, harshena har ya ɗauko kalmar. Amma na ga hannun mai keke a cikin randar. Na ce, "Wallahi Inna ban sani ba. Ba wanda zai iya sani."

Ta ce, "To in shi ne, ladan da nake aika wa Malam maigidana ya zama me?"

Shugaba ce ta matsa kusa da ita ta ce ruwan da take ɗebowa mai kyau ne, hannayen da ke shiga ciki ne abin tsoro, kuma akwai dabarar da za a hana hannu shiga ba tare da an fasa randar ba. Za a huda ta a ƙasa a sa mata famfo, a ɗaure bakinta. Sai dai randar ƙasa ce tsohuwa, tana iya tsagewa wajen hudawa. Wata kaza ta zo ta saci gyaɗa ta gudu, Inna ba ta kore ta ba. Sannan ta ce a gwada.

Direbanmu ya taɓa aikin famfo kafin ya kama tuƙi, shi ya karɓi aikin washegari. Aka kwashe ruwan, aka wanke cikin da ruwan magani. Na yi ta goge fentin da yashi da soso, amma ƙasar ta riga ta shanye shi, sai dai ya dushe. Aka juya randar, zanen ya fuskanci jikin tsamiya. Direba ya zauna da ƙusa yana murzawa a hankali, yana ɗiga ruwa, kusan awa biyu. Inna tana gefe tana jan carbi. Da ƙusar ta faɗa ciki ba tare da ƙara ba, na ji an saki numfashi a bayana, ashe rabin gari na tsaye. Ya ciro famfo daga ɗaya daga cikin bokitanmu, ya naɗe shi da robar taya, ya liƙe da siminti. Sai ya ce kada a zuba ruwa sai gobe, siminti ya kama.

Inna ta ce, "Ta kwana ba ruwa ke nan?"

Direba ya sosa ƙeya. Ta tashi ta tafi gida, ta dawo da ɗan ƙoƙo cike da ruwa, ta zura hannu a hankali ta ajiye shi a tsakiyar randar, ta rufe da faifai. Ta ce, "To, da ruwa a cikinta." Ba wanda ya yi dariya. Ni dai na juya ina kallon gonar dawa, don idona ya kawo ruwa.

Washegari ran kasuwa ce. Da sassafe aka cika randar, shugaba ta jefa ƙwaya, aka ɗaure bakin da tsumma mai tsabta da igiya, aka rataye moɗa a reshe, ga sabulu a gefe. Inna ta shinshina ta ce ruwan yana warin asibiti, amma ta haɗiye maganar. Mutane suka fara wucewa, masu keke, masu babur da buhuna, mata da ƙwaryar nono. Rana ta ɗaga, iska ta tsaya, gumi yana tsiyaya. Kowa sai ya gaida Inna da ladabi, ya saci kallon randar, ya wuce. An juya zanen, amma kowa ya san yana nan. Har hantsi ya yi ba wanda ya taɓa famfon. Inna tana zaune a kan saiwar tsamiya, hannayenta a cinya, tana amsa gaisuwa.

Na ajiye robar ruwana a mota. Na zo da rigata ta 'yan sa-kai, da jan fentin da ya bushe a yatsuna, na tsuguna a gabanta a daidai lokacin da mutane suka fi yawa. Na ce, "Inna, baƙo ne ni, a taimaka mini da ruwa."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ta miƙe, ta wanke hannu, ta ɗauraye moɗar a ƙarƙashin famfo, ta cika ta miƙo da hannu biyu. Ruwan sanyi ƙalau, ga ƙamshin ƙasa, ga ɗan warin maganin a bayansa. Na shanye na ce a ƙara. Ina cikin ta biyu na ji an jingine keke a bayana.

Mun kamo hanyar gida bayan kwana shida, hadari yana biye da mu tun daga Rogo, bai zubo ba sai da muka hango fitilun Kabuga da magariba. An ce masu kwanciya a rumfar nan sun fara raguwa, Allah ya sa a ɗore. Na je da niyyar koya wa mutane yadda ake wanke hannu, kuma mun koyar, yana da amfani. Abin da ni na koyo shi ne kafin ka yanke wa abu hukunci ka tambaya na wane ne, kuma in aka miƙo maka ruwan baƙunta ba za ka iya sha ba, akwai yadda ake ƙi ba tare da an mari mai bayarwa ba.

Tambayar Inna har yau ban da amsarta, kuma tana zuwar mini duk lokacin da na buɗe famfo. Fentin ya fita daga farcena bayan mako guda. Na jikin randar yana nan yana kallon tsamiya. Amma in na idar da sallar asuba nakan zauna in hango ta tana fitowa ta tsakanin dawa da tulu a ka, in kuma ce a raina, yau ma ba ta kwana ba ruwa ba.