Malamin da Ke Tura Ɗalibansa Kasuwa

A Gwarzo, in ka tambayi gidan Malam Zailani, mai shayin bakin tasha zai ce, "Wannan mai koyar da kwamfuta yana hana a taɓa ta?" Maƙwabta kuwa cewa suke mutum ne mai gaisuwa, sai dai ba a san abokin hirarsa ba.

Da hantsi yake buɗe ajinsa, ya yi shara da kansa, ya gyara labulen da ya raba maza da mata tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Aikinsa horar da masu gwajin manhaja, waɗanda ke farautar kuskurenta kafin ta isa hannun jama'a. Yanzu akwai na'urar da ke maimaita gwajin da kanta, ta nuna kore in lafiya, ja in da matsala. Ita matasa ke zuwa nema. Shi kuwa sai ya tura sabon ɗalibi kasuwar Garo, ya zauna ya kalli yadda mutane ke mu'amala da waya.

"Na'ura ba ta da tambaya ta kanta," yakan ce. "Wadda ka ba ta take maimaitawa. In ba ka san mutane ba, korenta ba shaida ba ne."

Da fetur ya yi tsada, janareta ya koma sai jefi-jefi, haƙurin ɗalibai ya ƙare. Mudassir, wanda ya fi kowa kai, ya miƙe a gaban aji ya ce, "Malam, aiki muka zo nema, ba yawon kasuwa ba." Aka yi dariya. Ya tafi Kano, akasarin ajin suka bi shi.

Malam ya ci gaba da jera kujeru kowace safiya kamar za a cika su. Naja'atu, cikin kaɗan ɗin da suka rage, ta ce akwai ranakun da ita kaɗai ce bayan labule, amma bai taɓa gajarta darasi ba. Ba kujerun ke cin ransa ba. Idonsa ya fara rauni, yana tsoron hanyar koyarwarsa ta ƙare a kansa.

Kai ne rijiyar gefen hanya, Malam: a sha, a wuce, ba a waiwaye. Mun gode. Masu koyarwa, ku dubi wannan mutum, ku koya wa yara tambaya kafin maɓalli.

Ranar da Malam ya miƙa wa Naja'atu makullin ajin a gaban ɗalibai, sai ga Mudassir a bakin ƙofa, ya cire takalmi.

"An ba ni gwajin manhajar rabon taki," in ji shi. "Komai kore. Sai na tuna matan ƙauyen Gammo da ka sa na kalla a kasuwa, gida guda waya ɗaya. Manhajar kuwa lamba ɗaya, manomi ɗaya. Da ta fita haka, da irin su Gwaggo Dela ta Gammo da surukanta ba su ga taki ba bana. Yanzu ni ma kasuwa nake tura yarana."

"Suna zaginka?"

"Sosai."

Malam ya yi murmushi, ya jawo masa kujera. Mudassir bai hau ba. Ya durƙusa a inda ya taɓa tsayawa.

"A gaban mutane na faɗa, Malam, a gaban mutane zan janye. Na yi maka rashin kunya, na kwashe maka aji. Ka yafe mini."