Ranar da Muka Je Makokin Tonawa da Littafin Rubutu

Ko na tsufa har na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta Asabar ɗin da na ja ƙawata muka tafi Tafo zaman makokin mutumin da ba mu taɓa gani ba, da hijabi, da littafin rubutu a hammata.

Lokacin ina aji uku a JHS, wato ƙaramar sakandaren gwamnati da ke bakin Zango, unguwarmu ta Hausawa a Kumasi. Makarantar ba zan yi mata sharri ba, amma ba zan yabe ta ba. Malamin lissafi ya iya aikinsa. Rufin ajinmu yana yoyo, mu uku muke matsuwa a bencin mutum biyu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne Tonanci, wato Tuwi, yaren Tonawa 'yan asalin Kumasi. A jarrabawar BECE ta gama aji uku sai ka rubuta yaren Gana guda ɗaya, Hausa kuwa ba ta ciki, don haka mu na Kumasi Tonanci ne rabonmu. Malamar da ke koyar da shi ta yi ritaya tun muna aji biyu, ba a kawo wata ba. Awar Tonanci ta koma awar kitso da cin gyaɗa.

Wani zai ce ai yaran Zango suna jin Tonanci. Muna ji mana, amma na kasuwa: nawa ne, rage mini, kauce in wuce. Takardar kuwa al'adu take tambaya. Yaya ake gaisuwa a makoki, wa ke zama ina, me jan zane yake nufi. Mu da muke binne gawa kafin la'asar mu dawo mu yi addu'a, ina muka san wannan?

Hedimastanmu Batone ne, dogo, ba ya dariya. Ba abin da ke ransa sai a ce makarantarsa ta ci jarrabawa. Bayan gwajin farko, wanda na faɗi Tonanci warwas, ya tara mu ya ce duk wanda ya faɗi ko darasi ɗaya a gwaji na biyu ba za a yi masa rajista ba, zai koma aji biyu. Haka ma wanda ya ƙi zuwa karatun Asabar. To ni ƙanwata tana aji biyu. Yarinyar da nake aikenta ta sayo mini koko, a ce mu zauna benci ɗaya? Na ce wallahi ba za a yi ba.

Karatun Asabar ɗin ma wane karatu? A rubuta tsofaffin tambayoyi a allo, malami ya fita. Ran nan na duba allo, tambayoyi biyar a jere duk kan makoki. Na rufe littafi na ce wa ƙawata, "Ke, tashi mu tafi."

"Ina?"

"Yau Asabar. Duk lungun Kumasi makoki ake yi. Mu je mu gani da idonmu."

"Kin haukace? Idan Masta ya ji fa?"

"Kin gan shi yau? Tashi, kina ɓata mini lokaci."

Muka hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Tafo, muka sauka muka bi ƙarar kiɗa. Wani fili muka tarar, an kafa rumfuna ja da baƙi, kujerun roba a jere, mutane kowa da baƙin zane. Nufina mu tsaya gefe in rubuta abin da na gani mu gudu. Amma 'yan mata biyu da fararen hijabai a tsakiyar baƙaƙen kaya ba sa ɓuya. Wani mutum ya yafito mu, ya ɗauka baƙi ne daga Zango suka zo ta'aziyya, ya tura mu layin gaisuwa.

Nan muka fara shirme. Muka faro daga hagu, muna durƙusawa gaban kowane babba irin na gidanmu, muna cin karo da masu tahowa daga dama. Ƙawata har da "Allah ya jiƙan rai" da Hausa. Wata tsohuwa mai gajeren aski, zaune a tsakiyar dangi, ta kama hannuna ta ce da Tonanci, "'Yata, a nan daga dama ake farawa, kuma hannu ake bayarwa. Koma ki sake." Na koma na sake. Kafin in zauna na ciro biro na rubuta: daga dama.

Abin da ban sani ba shi ne, idan baƙo ya gaisa ya zauna, dangi sukan taso su rama gaisuwa, sannan su tambaye shi abin da ke tafe da shi, ya faɗa kowa ya ji. Sai ga su sun taso a layi, tsohuwar a gaba. Na uku a layin, da baƙin zane a kafaɗa ɗaya, ɗaya kafaɗar a waje, da takalmin fata, hedimastanmu ne. Ashe mamacin kawunsa ne. Ƙawata ta damƙe cinyata har sai da na ji farcenta. Ya miƙo mini hannu, idonsa kawai ya ce aji biyu.

Mai magana da yawun dangi ya tambaye mu me ya kawo mu. Na san mai hankali cewa zai yi ta'aziyya muka zo, ya yi shiru. Ni ban taɓa iya wannan ba. Na miƙe, da Tonancina na kasuwa, na fara da lakabinsu na girmama manya na ce, "Nana, ba mu san marigayi ba, Allah ya ba ku haƙuri. Jarrabawa ce ta kawo mu. Za a tambaye mu al'adunku, ba mu da malami tun bara, kuma an ce wanda ya faɗi zai koma baya. Shi ne muka zo mu koya."

Sai wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wace makaranta?" Idona ne ya tafi inda bai kamata ba, kan hedimastanmu. Ta bi idon nawa ta juya. Ashe yayar mahaifiyarsa ce, ita ce babba a dangin.

"Kai ne? Kai da na goya? Yaran Zango suna hawa mota su zo neman al'adarmu, kai kana zaune a ofis da ita a bakinka?"

Mutumin da muke rawar jiki idan ya yi tari, sai ga shi yana gyara zane yana kiranta uwa da Tonanci, yana cewa, "Maame, na rubuta takarda ofis, ba su turo kowa ba."

"Takarda ce za ta koya musu?"

Ta zaunar da mu kusa da ita har la'asar. Ta nuna mana waɗanda suka ɗaura ja ta ce su ne na jiki, ta faɗa mana sunan kiɗan, ta fassara mana abin da masu rawa ke faɗa da hannuwansu. Na cika shafi shida. Aka ba mu lemo. Ƙawata da ta zo a tsorace ta koma tana kaɗa kai.

Ran Litinin ya kira mu ofis. Ya sa mu share filin makaranta mako guda saboda gudun karatun Asabar, ban yi musu ba, mun cancanta. Amma ran Laraba, awar Tonanci, sai ga shi ya shigo ajinmu da alli a hannu. Haka ya riƙa yi har muka gama. Kuma abin haushi, ya iya koyarwa ƙwarai. A gwaji na biyu na ci, ba da yawa ba, amma na ci. Aka yi mini rajista, aka yi wa kusan duk ajin.

Abin da na koya shi ne, idan aka ɗora maka jarrabawa ba a ba ka malami ba, kada ka zauna kana kwafar allo kana jin tsoro. Tashi ka je inda abin yake, kuma idan aka tambaye ka me ya kawo ka, ka faɗi gaskiya da ƙarfi. Wani lokaci mai iya gyara matsalar yana nan kusa, ba a taɓa faɗa a gaban wanda yake jin kunya ba ne kawai.