Dogo Mai Walda da Robar Hanci

Dogo mai walda ba ya mance alheri. Sharri kuwa ajiye shi yake yi kamar guntun ƙarfe, wai wata rana zai yi amfani.

Shekarun baya ƙirjinsa ya fara zafi. Da ya sunkuya kan aiki sai wani ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro. Ya je wurin yayan matarsa, mai kemis a bakin titinsu. Ko taɓa shi mutumin bai yi ba, ya girgiza kai.

"Zuciya ce, ƙanena. Ka bar ɗaga ƙarfe in kana son ganin jikokinka."

Dogo ya rufe shago, ya zauna gida yana haɗiyar ƙwayoyi. Mutumin da ke saɓa ƙofar ƙarfe shi kaɗai ya koma ana ɗaukar masa buta. Zafin kuma yana nan.

Babbar 'yarsa ce ta gaji, ta ja shi asibiti. Likita ta duba zuciyar ta ce garau take. Sai ta zura masa siririyar roba ta hanci har kusa da bakin tumbi, ta manne ta da filasta a kumatu, ta rataya masa na'ura kamar ƙaramar rediyo.

"Baba, wannan za ta auna tsamin da ke tasowa daga cikinka zuwa gobe war haka. Ka ci abinci, ka yi harkokinka. In ka ji zafin, ka danna wannan maɓalli."

Harkokinsa kuwa ya yi. Ya ɗauko benci ya dasa a ƙofar kemis, roba na reto a fuskarsa. Duk wanda ya zo sayen magani sai ya tsaya kallo.

"Subhanallahi, Dogo, me ya same ka?"

"Shiga ka tambayi babban likita, ga shi can ciki. Shi ya yanke mini ranar mutuwa."

Mai kemis ya fito yana roƙo ƙasa-ƙasa: "Haba ƙanena, ka rufa mini asiri." Dogo ya dube shi ido cikin ido, ya danna maɓallin. "Ka gani? Ganinka ma tayar mini da zafin yake yi."

Washegari likita ta ce ƙwannafi ne mai tsanani. Ta ba shi magani, ta hana shi kwanciya da zarar ya ci abinci. Ya ji sauƙi, amma bai bar bencin ba. Kullum da hantsi yana nan yana ba masu saye labari, har suka ɗauke ƙafa. Matarsa ta yi kuka, ta yi yaji, ta dawo, bai fasa ba.

Da mai kemis ya kwashe kayansa ya bar unguwar, Dogo ne ya kama hayar shagon. A nan yake walda yanzu. In sun haɗu da mai kemis a taron dangi, Dogo yakan miƙa masa hannu, ya matse har sai yatsun sun yi ƙara, sannan ya tambaye shi lafiyar zuciyarsa.