Man Yola da Tambarin Ƙanwata

Abu ɗaya nake fatan da ban aikata ba a rayuwata: na ɗauki tambarin ƙanwata na manna a kan man da ba ita ta matsa ba. Yau na haura saba'in, na daina bin hanya, amma har yanzu in na ga jarkar man gyaɗa sai na karkata ta na duba gindinta.

Kakanmu fatauci ne ya kawo shi Garwa ta Kamaru daga Kano, ya zauna. A gidanmu ba a taɓa ɗaukar Yola a matsayin wata ƙasa ba. Kogin Binuwai ɗaya muke sha, can muke kai amare, can muke zuwa gaisuwar mutuwa. To amma a takarda ba haka abin yake ba. Kamaru da Chadi da wasu maƙwabtansu suna cikin ƙungiyar ciniki ɗaya, sefa ɗaya suke kashewa, kuma sun yarda cewa kayan da aka yi a ɗayarsu ya shiga sauran ba tare da kuɗin fito ba. Najeriya ba ta cikinsu. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma wannan na gane shi sarai, ba zan fake da jahilci ba.

Ƙanwata ita ce autarmu. Bayan rasuwar mijinta ta kama matsar man gyaɗa a gidanta da ke unguwar Jambutu ta nan Garwa, da mata shida suna taya ta. Shekara biyu tana zirga-zirga a ofisoshi kafin a ba ta takardar shaidar cewa manta ɗan Kamaru ne. Sai da aka zo aka ga gyaɗar, aka ga inda ake suya, aka ga inda ake tacewa. A lokacin ne wani ɗan kasuwar Injamena ya ɗanɗana man, ya ce zai zuba jari. Zai kawo babban injin matsa su haɗa gwiwa, muddin kayanta na shiga Chadi lafiya da takardar nan.

Ni nake da babbar mota mai zuwa Kuseri, garin kan iyaka da ake haye gada a shiga Injamena, don haka ni ta danƙa wa takardar da naɗin tambarin da ake mannawa a jarka.

"Yaya, kada ko ruwa ya taɓa ta," in ji ta.

Na ce, "Auta, ni za ki koya wa hanya? Na san gadar nan tun kina wasan 'yar tsana."

Kayanta ba su cika rabin motar ba. Ni kuwa ina da man kamfani mai araha da na sayo daga Yola, jibge a shago. Na ce wa raina ai gyaɗa gyaɗa ce, kuma tsakanin gonar can da ta nan ba wani nisa. Na ɓare tambarin kamfanin, na manna nata, na cika motar. Tafiya ta farko na wuce. Ta biyu ma haka.

A ta uku, da hantsi, muka haye gadar Kuseri muka tsaya wurin 'yan duwan, wato kwastan, na ɓangaren Chadi. Aka sauke jarkoki kaɗan don dubawa, ɗaya ta faɗi ta gefe. Jami'in, wani dogo mai Hausa gauraye da Larabci, ya durƙusa ya karanta abin da ke gindinta. Sunan Najeriya ne a jikin robar.

"Alhaji, da Ingilishi kuke rubutu a Garwa yanzu?"

Na ce ai tsohuwar jarka ce, kowa na sake amfani da su. Bai yi musu ba. Ya buɗe ta, ya buɗe wata daga cikin na ƙanwata, ya shinshina kowace.

"Wannan tana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Wannan kuwa ko ƙamshin ruwa ba ta yi. Uwa ɗaya ta haife su?"

Ya duba takardar, ya tambaye ni wa ya yi lodin. A nan ne ya kamata in ce ni ne, mai takardar ba ta san komai ba. Abin da na ce shi ne, "Ni ɗan dako ne, abin da aka loda mini na kawo." Ya rubuta haka, na sa hannu.

Ba a yi wata biyu ba aka soke takardarta. Na gaya mata sharrin 'yan duwan ne, ta yarda, har tana ba ni haƙuri kan wahalar da na sha a hanya. Sai da ɗan kasuwar nan ya zo Garwa da kansa ya faɗa mata dalilin janyewarsa, ya nuna mata kwafin abin da na sa wa hannu. Injin kuwa a unguwar Domayo ta garin Marwa aka kafa shi, tare da wani.

Ta zo gidana bayan la'asar. Ta gaisa da matata, ta tambayi yara, sannan ta zauna a gefen tabarmata.

"Yaya, sauran tambarin nan fa?"

Na shiga ɗaki na ɗauko mata. Ta sa a jaka.

"Da ka ce mini motar ba ta cika, da na ƙara mata mun cika maka ita," in ji ta. Ta yi sallama ta tafi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, har yau.

Bayan shekaru na je ofishin da ya soke takardar da kaina na faɗi gaskiya. Ma'aikacin ya saurare ni da ladabi, ya ce an rufe batun, in tana so ta sake nema daga farko. Na kai mata saƙon, ta ce ƙafafunta sun gaji. Matan da ke mata aiki sun watse, saura ɗaya. Yanzu a kwalba take sayar da manta a bakin kasuwa. Duk azumi tana aiko mini da kwalba biyu, babu tambari a jikinsu.

Ku da kuke bin hanyar Kuseri da Injamena yau, roƙona gare ku kaɗan ne. In wani ya ba ku takardarsa, kada ku ɗora mata kayan da ba nasa ba. In kuma an tare ku aka tambayi wanda ya yi lodi, ku faɗi sunanku.