Na Bi Sawun Kwalin Kifi Har Rijiyar Zaki

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, mu biyu, da wani kwalin kifi da na ninke na saƙale a hammata. Zan fara da dalilin tafiyar, don ba na son a shiga labari ta tsakiya.

Ƙanwata mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Da suyar kifi a ƙofar gida take ciyar da su, a ƙauyenmu da ke bayan Tofa. Kifin ƙanƙara ne na kwali, wanda ake shigowa da shi daga waje. A makon jiya gida uku suka kamu da amai da gudawa bayan sun ci kifinta, har aka ƙara wa yarinya ɗaya ruwa. Mai unguwa ya ce ta sauke kasko sai an san inda ɓarnar ta fito. Na roƙi kwana ɗaya in bi sawun kifin. Ya yarda, amma ya haɗa ni da uban yarinyar nan, don kada a ce na je na rufa wa 'yar'uwata asiri. Gonata da tasa iyaka ɗaya suke, amma ranar fuskarsa a ɗaure take.

Zango na farko Tofa. Babur ɗaya muka hau, muka biya kuɗin da a da zai kai mutum birni ya dawo da shi. Bazara ce, an share gonaki, tsibin takin gida jefi-jefi, ba kamar shekarun baya ba. Na ga gidajen da na san su da garken tumaki, yanzu sai turke.

Mun sami mutumin da ƙanwata ke sarin kifi a wurinsa yana buɗe shago. Firiza ɗaya gare shi, an rufe ta da jiƙaƙƙen buhu, jan ruwa na ɗiga ta ƙasa, ƙudaje sun riga mu zuwa. Ya ce rabonsu da wutar lantarki an kwana biyu. Na danna kifi ɗaya da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba.

"Malam, yadda aka ba ni haka nake bayarwa," in ji shi. "Kuma in ya ji mai da yaji, me zai rage?"

Ban yi masa faɗa ba, don maganar da kowa ke yi ke nan a garinmu, har da ni. Ya kwatanta mana ɗakin sanyin da yake ɗaukowa, can wajen Rijiyar Zaki.

Zango na biyu hanya. A bas muka tafi, an cusa mu kamar buhunan gero. Tun kafin a kai, gonaki suka fara ƙarewa, sai filaye da aka yanka da tarin bulo da ginin da aka fara aka bari. Da muka sauka muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, sai ka duba da kyau kafin ka tabbatar ba ɓurɓushi aka zuba maka ba. Nan ne abokin tafiyata ya fara yin murmushi.

Zango na uku ɗakin sanyi. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru, injin a kashe yake. Alhajin da ke da wurin dattijo ne mai fara'a. Bai ɓoye ba, ya ce tsadar mai ta sa sai ya tayar da inji na 'yan awowi ya kashe. Kifi ya saki, ya sake daskarewa, ya sake saki.

Na warware kwalina na miƙa masa da hannu biyu, na ce ya duba rubutun ya gaya mini ƙasar da kifin ya fito da ranar da aka ɗaure shi. Ya juya shi, ya yi dariya, ya nuna mini bayan ƙofa. Kwalaye ne irinsa tari guda, babu komai a ciki. Sayen su ake yi daga hannun masu suya. In wani ya jiƙe ya fashe, sai a kwashe kifin a zuba a wani, a auna, a liƙe. Sannan ya nuna mini hoton da ke jikin nawa. Dogon kifi ne siriri. Wanda ƙanwata ke soyawa kuwa mai faɗi ne, irin karfasa. Tun daga gida na rungumo kwalin nan kamar takardar gona, ban lura ba.

Na ce to shi kifin daga ina? Ya ce daga kudu ake turo musu, can ma daga jirgin ruwa, kuma ya ji ana cewa kiwonsa ake yi a tafkuna a wata ƙasa mai nisa. Na ce me ake ba shi ya ci?

"Malam, ko kajin gidana ban san duk abin da suke tsinta ba."

Zango na huɗu masallaci. Bayan azahar wani tsohon duba-gari da ya yi ritaya ya ga kwalin ya tambaye mu. Mutum ne mai tsari, na ji daɗin maganarsa. Ya ce abin tsoro biyu ne. Na ɗaya, narkewa da daskarewa a nan, wanda muka gani da idonmu. Na biyu, abinci da magungunan da ake zuba wa kifin a can, wanda babu mai gani, kuma suya ba ta fitar da shi. Ya ce ba kowane kifin waje ne mugu ba, amma wanda ya rabu da kwalinsa babu mai iya ba da shaidarsa. Da muka fito muka taya ɗanyen kifin tarwaɗa na gida a bakin titi. Da na ji kuɗin ban sake tayawa ba, babu mai sayen yankansa a ƙauyenmu.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Tofa, abokin tafiyata ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"In ka ce wa mai unguwa kifin lafiya lau yake, ba zan ƙaryata ka ba. Marayu ne."

Na ce, "In kuma aka sake ƙara wa wata ruwa fa?"

Ya ja da baya ya gyara zama.

Mun iso da la'asar sakaliya. Na faɗa wa mai unguwa abin da na gani, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ba. Na ce ƙanwata ba ta yi da gangan ba, amma ba zan iya cewa kifin gobe ya fi na jiya ba. Daga nan na shiga wurinta. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, Yaya. Allah Ya sa haka ya fi alheri." Ta tashi ta kife kaskon.

Abin da tafiyar ta koya mini uku ne. Na ɗaya, muna cin abin da babu wanda ya san asalinsa, daga mai suya har mai ɗakin sanyi. Na biyu, duk wanda na tarar a hanyar nan ba mugu ba ne, kowa tsada ce ta matse shi ya tura wa na ƙasa da shi. Na uku, na ƙarshe a layi shi ke biya, kuma a wannan karon 'yar'uwata ce.

Kafin magariba wani mai suya daga ƙauyen gaba ya shigo a kan babur da tirensa. Kifin nan ne mai faɗi. Mutane suka kewaye shi, har da na gida biyu cikin ukun da suka kwanta. Ƙanwata ta karɓi kwalin daga hannuna, ta yayyaga shi, ta hura wutar tuwo da shi.